Ciyawar Lavell Pettway da Mutanen Cikinta

Lavell Pettway bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba, irin wanda ake runguma a gudu da shi, kuma ban yi zaton ya taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba, duk da cewa a filin wasan Jami'ar Ellisboro ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa. Idan jama'a suka miƙe da ihu don wani yaro ya rungumi ƙwallo ya ratsa kowa a guje, shi idonsa na ƙasa, yana duban inda takalma suka ɓantare masa ciyawa. Na san shi tun muna da ƙarfinmu. Ni ce mai wankin rigunan 'yan wasa a ɗakin da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, shi kuma mai kula da fili. Cocinmu ɗaya, bakinmu ne bai cika zuwa ɗaya ba, don ni ba na iya haɗiye magana, shi kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma biyar daga bakinsa.

A gonar auduga aka haife shi, can bayan gari, inda ubansa yake noma ƙasar wani. Ya zo jami'ar yana saurayi, a zamanin da baƙar fata irinmu ba ya shiga filin nan sai da tsintsiya a hannu, ko kuwa ya tsaya a lungu guda da aka ware mana. Da tsintsiyar ya fara. Daga nan aka ba shi tiyon ban ruwa, daga baya injin yankan ciyawa, har dai filin gaba ɗaya ya koma hannunsa. Ya auri Earline, Allah ya jiƙanta, suka haifi 'ya ɗaya, Denise, wadda yanzu take aiki a Memphis. In ka cire waɗannan biyun, sauran rayuwarsa ciyawa ce.

Lokacin da ya fi so a shekara shi ne na atisayen bazara. Sanyi ya ja da baya, ciyawa ta fara farfaɗowa daga launin ƙasa, sai yara su fito da hulunan kwano da kafaɗu kamar na shanu, su yi ta karo da juna daga la'asar har rana ta yi sanyi. Babu abokin hamayya, babu 'yan kallo, sai usur da tsawar masu horarwa. A nan ake tace su, a ga wa zai shiga wasannin kaka, wa zai ɗumama benci. Na sha ganin ƙato ya shigo ɗakin wanki ya ɓuya bayan inji yana kuka don an mayar da shi sahu na uku. Lavell kuwa yana bin bayansu da bokitin yashi da iri, yana cike ramuka yana ƙunƙuni.

“Baba Pettway, yau ma mun ɓata maka dardumar?” in ji su.

“Ku ci gaba,” yakan ce. “Ku da ita, za mu ga wanda zai riga wani tsufa.”

Atisayen yana ƙarewa da wasan Shuɗi da Fari, wata Asabar a watan Afrilu, inda ƙungiyar take rabuwa biyu ta kara da kanta. Shiga kyauta ne. Kuma ita ce rana ɗaya tak a shekara da ake buɗe ƙofofin ƙasa bayan an tashi, jama'a su sauko su taka fili, su ɗauki hoto, 'yan wasa su sa musu hannu a riguna.

A wannan ranar ce mutane suke kawo matattunsu.

Mu a cocinmu binnewa muka sani. Amma da yawa a garin nan ƙona gawa suke yi, a ba iyali toka a ɗan akwati. Kuma akwai mazan da tun suna raye suke barin wasiyya cewa a zuba su a filin Ellisboro. Doka ta hana, kowa ya sani. Saboda haka sai ka ga tsohuwa ta sauko da jakarta a hammata, ta tsaya a tsakiyar fili kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi, 'ya'yanta sun kewaye ta. Wani a kwalbar magani yake kawo ubansa, wani a safa. Na taɓa ganin wani mutum ya huda aljihun wandonsa, yana tafe a hankali toka na zuba ta ƙafar wando, hawaye na zuba ta sama.

Da farko abin yana ƙona wa Lavell rai ƙwarai, don toka tana ƙona ciyawa. Bayan mako guda sai tabo ya fito nan da can, launin toka-toka.

“Vernice, zo ki gani,” ya taɓa ce mini. “Mutumin nan da ransa bai taɓa gaishe ni ba, ga shi ya mutu ya zo ya kashe mini ciyawa.”

Aikinsa ne ya kai rahoto, amma bai taɓa kaiwa ba. Abin da yake yi, ranar Lahadi bayan coci sai ya dawo da kayan cocinsa a jiki, ya ja tiyo, ya bi duk inda ya ga toka da ruwa a hankali har tokar ta shige ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya ya daina ƙunƙuni. Sai dai ka ji yana cewa, “Sannu, Mista Dansby,” idan injinsa ya zo wucewa ta wani wuri.

Thurman Magee amininsa ne tun suna share kujeru tare. Shi Thurman bai jure aikin jami'a ba, ya koma sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙofar kudu, inda ya yi shekaru yana zagin alƙalan wasa da 'yan wasa da masu sayen gyaɗarsa duka, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Bai yi aure ba, bai taka coci ba, ba shi da kowa. Duk la'asar ta atisaye yana jingine da shinge yana koya wa masu horarwa aikinsu.

“Kai Lavell! Gaya wa kocin nan yaron can mai lamba a baya ba ya gudu, rarrafe yake!”

“Dukansu suna da lamba a baya, Thurman.”

“To dukansu nake nufi!”

Da ciwo ya kwantar da shi, Lavell ne ke kai masa romo da burodin masara. A nan Thurman ya ce masa, “In na tafi, kar ka bari su ajiye tokata a kan kanta. Ka zuba ni a fili wajen layin yadi talatin, ɓangarenmu, inda ake turmushe mutane.” Da ya rasu, ƙaramar hukuma ta ƙona shi kamar yadda take yi wa marasa dangi, aka miƙa wa Lavell akwatin. Mutumin da ya yi shekaru yana mitar toka, shi da hannunsa ya zuba amininsa wata safiya da raɓa a ƙasa, ya bi shi da ruwa. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin wanki, ban matsa kusa ba.

Bayan wannan da 'yan shekaru ne ƙungiyar ta fara cin wasa.

A da, Ellisboro ƙungiya ce da manya ke gayyata don su huce a kanta. Sai aka kawo sabon koci, ya yi bazara biyu yana gasa yaran nan, a kaka ta uku suka ci kowa a yankin. Aka fara nuna mu a talabijin. Ba zan yi ƙarya ba, alherin ya zo, kuma na gani da idona. Yaran da ba su taɓa jin sunan garinmu ba suka riƙa neman gurbin karatu daga jihohi masu nisa. Tsofaffin ɗalibai da suka manta hanya suka tuna, suka buɗe bakin aljihu. Aka gyara rufin laburare da ya yi shekaru yana yoyo a kan littattafai. Aka gina makarantar koyon aikin jinya, kuma jikata Tamika tana cikin waɗanda suka fara shiga da tallafin karatu. Ni kaina an sayo mini injinan wanki da ba sa tafiya da kansu a tsakar ɗaki. Duk wanda ya ce ƙwallo wasa ne kawai, ya zo ya gaya wa Tamika.

Amma ɗalibai suna bukatar wurin kwana. Jami'a ta saye layinmu gaba ɗaya, gida bayan gida, ta rushe ta gina benaye. Ba a cuce mu ba, an biya. Sai dai ni da Lavell da sauran tsofaffin layin muka tsinci kanmu a gidan benen tsofaffi da ke bayan asibiti, kowa da ɗakinsa da taga ɗaya. Tagar Lavell bango take kallo. Mutumin da ya rayu yana shuka ba shi da ƙasa ko ta faɗin tabarma.

Sai a farkon wata bazara aka sanar cewa bayan wasan Shuɗi da Fari za a kwashe ciyawar filin, a haƙe ƙasar, a shimfiɗa ta roba. Dalilan ba na banza ba ne. Filin yana riƙe ruwa, talabijin ba ta son caɓi, kuma ta roba za ta ɗauki 'yan badujala da bikin yaye ɗalibai da wasannin makarantun sakandare ba tare da ta mutu ba. Don a faranta wa magoya baya, aka ce za a yanka tsohuwar ciyawar gunduwa-gunduwa, a sa a kwali, duk mai so ya karɓa ya kai gida ya dasa. Gari ya ɗauka da murna. Ni kuwa da na ji, na san abin da za a raba.

Lavell ya yi kwanaki yana aikinsa kamar kullum. Ran nan ya sa rigarsa mai kwala ya ce in raka shi ofishin Misis Stovall, matar da ke kula da gine-gine da filayen wasanni. Na bi shi da shirin faɗa, har na tanadi maganganun da zan yaɓa mata.

Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa. “Ranki ya daɗe, akwai mutane a cikin filin nan.”

Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna. “Na sani, Mista Pettway. Babana yana ƙarshen fili ta arewa. Ni na kawo shi, a gwangwanin shayi, ina aji biyu a nan. Kai ka bi shi da ruwa, na hango ka washegari.”

Duk maganganun da na tanada sai na watsar da su.

“To yaya za a yi?” in ji Lavell.

“In ka faɗa mini a hukumance, dole in kai sama. Lauyoyi su shigo, a tsayar da aiki, a fara kiran iyalai ana tambayarsu wa ya ba su izini. Kuma a ƙarshe za a kwashe ta, ko bana ko baɗi.” Ta murza idonta. “Abin da zan iya shi ne in ce kai za ka yanka, kai za ka raba. Wanda ka miƙa wa me, ba ruwana.”

Haka aka yi. Duk tsawon atisayen bazarar nan, yara na karo da juna a sama, Lavell na tura saƙo a ƙasa, daga baki zuwa baki, ta wurin masu aski da matan coci da ni. Duk mai wani a fili ya zo ranar Asabar ya shiga layin Baba Pettway, ya faɗi suna kawai.

Saura Thurman. Ba wanda zai zo ya faɗi sunansa.

Lavell ya gwada duk ƙofar da ya sani. Ya kira Denise, ta ce, “Baba, a hawa na shida nake, a ina zan dasa?” Ya je wurin dattawan coci ya roƙi gefe a maƙabarta. Suka yi zama a kai, wani ya ce mutumin da bai taɓa tako ƙofarsu da rai ba, wani ya ce ai ba gawa ba ce ciyawa ce, aka tashi ba matsaya. Ko da sun yarda ma, maƙabartar duk inuwar manyan itatuwa ce, irin wannan ciyawar kuwa sai da rana tsantsa. Na ce ya sa a tukunya a taga, ya dube ni kamar na zage shi.

“Ta yi wata guda ta ruɓe ina kallo? Ki bari, Vernice.”

Ana saura kwana kaɗan na same shi tsaye a layin talatin, hannu a aljihu. Ya ce, “Kin san abin da ke damuna? An yi ruwan sama na shekaru. Na zuba yashi, na huda ƙasa, na sake iri. Na san inda na zuba shi. Ban san inda yake ba.”

“To duk mutanen da za ka miƙa wa nasu fa?”

“Su ma haka. Wurin zan ba su. Shi kaɗai nake da shi.”

Ranar Asabar Shuɗi suka ci Fari, ko Fari suka ci Shuɗi, ban tsaya tambaya ba. Aka buɗe ƙofofi, aka kafa tebura a gefen fili, ma'aikata na tura injin yanka, Lavell na nuna musu inda za su bi. Wasu wuraren bai yarda inji ya taɓa ba, da wuƙarsa ya durƙusa ya yanka. Ya jera waɗannan a bayan teburinsa, ni kuma ina miƙo kwali.

Yawancin jama'a murna ce ta kawo su, suna ɗaga kwalayensu sama ana ɗaukar hoto. Amma jefi-jefi sai wani ya matso ya rage murya.

“Dansby.”

Lavell ya juya, ya ɗauko, ya miƙa da hannu biyu. Tsohuwar ta rungume kwalin a ƙirji, ƙasa na zuba a rigarta mai kyau, ba ta ko kakkaɓe ba. Misis Stovall ma ta shiga layi kamar kowa, ta karɓi nata, ta wuce. Ban ƙidaya su ba. Na dai san sun fi yadda na zata yawa, kuma akwai fuskokin da ban taɓa tsammani ba.

Gunduwar Thurman tana ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafarsa, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Sai na lura ya fara yi wa baƙi tambayoyi.

“Samari, gidan naka ne ko haya?”

“Haya ne, Baba.”

“Ungo wannan, Allah ya kiyaye hanya.” Ya ba shi daga tarin kowa da kowa.

Wani mai ƙaton ciki ya ce a ofis zai ajiye tasa cikin gilashi. Wata ta ce karnukanta uku za su ji daɗinta. Wani ya ce zai sayar wa surukinsa. Lavell yana miƙa musu na tari yana cewa su gaida gida. Rana ta fara karkata, layi ya fara gajarta, manyan motocin haƙa suna jere a bakin ƙofar arewa suna jiran Litinin.

“Lavell, mutane na ƙarewa,” na ce masa.

“Ina gani, ai ba makaho ba ne ni.”

Kusan ƙarshen layi wata mata ta iso, za ta yi shekara arba'in da wani abu, da rigar direbobin motar makaranta, takalmanta duk jar ƙasa. Ba rigar ƙungiya, ba fenti a fuska.

“Baiwar Allah, gidan naki ne?”

“Nawa ne, Baba. Na uwata ne ta bar mini, can hanyar Pine Level.”

“Akwai rana a tsakar gidan?”

“Rana kai! Ko itace ɗaya babu, ita ke kashe ni.”

“Kare fa?”

Ta yi dariya. “Baba, ciyawa za ka ba ni ko 'yarka zan aura wa ɗana?”

“Kina da niyyar tashi daga can?”

“In tafi ina? A can za a ɗauke ni.”

Lavell ya sunkuya da ƙyar, ya yaye buhun, ya ɗora gunduwar a tebur. Bai sa ta a kwali ba tukuna.

“Zan gaya miki gaskiya, in kin ƙi ba laifi. Akwai mutum a nan. Sunansa Thurman Magee, mai dafaffiyar gyaɗa a ƙofar kudu. Ba shi da kowa sai ni, ni kuma ba ni da ƙasa.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dubi ciyawar, ta dube shi, ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Na ɗauka za ta juya ta tafi, kuma da ta yi hakan ba zan ga laifinta ba.

“Mai gyaɗar nan mai zagin mutane?” ta ce a hankali. “Ya taɓa ce wa babana hularsa ta fi shi hankali.”

“Shi ne.”

Ta shafa ciyawar da hannu. Sannan ta ce, “Sau nawa ake ba ta ruwa?”

Ya gaya mata. Da safe, kafin rana ta yi zafi, kullum har ta kama, kuma kar ta yanke ta ƙasa-ƙasa a shekarar farko. Ta saurara kamar mai karɓar jariri daga asibiti. Ya sa a kwali, ya miƙa, ta karɓa. Sai da ta ɗan ja kafin ya saki.

Muna kallonta ta ratsa fili, wanda yanzu duk ya zama faci-faci na baƙar ƙasa, ta nufi ƙofar kudu. Sai a lokacin na farga.

“Kai Lavell, ko sunanta ba ka tambaya ba! Hanyar Pine Level ai doguwa ce. Bari in bi ta in karɓo lambar gidan.”

Ya riƙe mini hannu, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

“Ƙyale ta.”

“Haba, don me? Ba ka son ka riƙa zuwa kana dubawa?”

“In na sani zan je,” ya ce. “In na je na tarar ta bushe fa, Vernice?”

Na fasa bin ta. Ya tsaya yana kallon ƙofar har matar ta fita, sannan ya ɗauki jiƙaƙƙen buhun ya ninke shi, ya rasa inda zai ajiye.